Ma'auni da Kuɗin Ilimin Tushe a Nijeriya: Tsakanin Ikon Tarayya da Haƙƙin Jihohi da Ƙananan Hukumomi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wata tsohuwar tambaya da har yau ba a gama amsa ta ba a Nijeriya, wato wane mataki na gwamnati ya kamata ya tsara ma'aunin ilimin firamare da ƙaramar sakandare, kuma wane ne ya kamata ya ɗauki nauyin kuɗinsa. An bi diddigin yadda wannan nauyi ya riƙa sauya hannu tun daga zamanin En'e zuwa Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, sannan aka duba tanadin Kundin Tsarin Mulki na 1999 da yadda kuɗi ke tafiya a aikace. An auna hujjojin masu son a damƙa komai a hannun tarayya da na masu son a bar wa jihohi da ƙananan hukumomi, tare da ɗaukar harshen koyarwa a matsayin zakaran gwajin dafi. Maƙalar ta nuna cewa ma'auni da kuɗi da gudanarwa abubuwa uku ne mabambanta, kuma ba dole ba ne su taru a hannu guda.

Muhimman kalmomi: ilimin tushe, ma'auni, manhaja, rabon arziki, harshen koyarwa

1.0 Gabatarwa

Duk makarantar firamare ta gwamnati a Nijeriya tana da iyayen gida aƙalla uku. Manhajar da ake koyarwa a cikinta daga Abuja take zuwa. Hukumar da ke ɗaukar malamanta da yi musu canjin wurin aiki ta jiha ce. Albashin malaman kuwa, a mafi yawan jihohi, daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi. Idan iska ta yaye rufin aji, ko yaro ya kammala aji shida bai iya karanta sunansa ba, kowane daga cikin iyayen gidan nan uku yana da wanda zai nuna da yatsa.

Batun ya wuce gardamar masana doka. Alƙaluman Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, sun daɗe suna nuna cewa yara kimanin miliyan 10.5 da suka isa shiga firamare ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke. A 2022 hukumar UNESCO ta kai adadin zuwa kimanin miliyan 20, bayan ta haɗa da waɗanda suka isa sakandare. Ga manazarcin Hausa kuma akwai wani dalili na musamman: matakin gwamnatin da ke riƙe da ma'auni shi ne ke yanke hukuncin harshen da za a fara koya wa yaro karatu da shi. Manufar maƙalar ita ce fayyace yadda aka kai ga tsarin da ake ciki, da abin da kowane zaɓi yake iya haifarwa.

2.0 Bambance Ma'auni da Kuɗi da Gudanarwa

Yawancin ruɗanin da ke cikin muhawarar ya samo asali ne daga cakuɗa abubuwa uku. Na farko shi ne ma'auni, wato abin da ake sa ran yaro ya sani a ƙarshen kowane mataki, da takardar shaidar da malami zai mallaka kafin ya shiga aji, da yawan ɗaliban da suka dace da malami guda, da jarrabawar da za a auna sakamako da ita. Na biyu shi ne kuɗi, wanda shi ma kashi biyu ne: inda ake samo shi da kuma hannun da ke raba shi. Na uku shi ne gudanarwa, wato ɗaukar malamai, da sa ido a kansu, da gyaran gine-gine, da tsara kalandar karatu.

Ƙasa tana iya tattara ɗaya ta sassauta biyu. Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: a cikin ukun nan, wanne ya fi dacewa da wane mataki?

3.0 Waiwaye a kan Tarihi

3.1 Daga En'e zuwa Gwamnatocin Yankuna

Ilimin boko na gwamnati ya fara a Arewa da makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Tsarin da ya biyo baya ya dogara ne da hukumomin En'e. Baitulmalin kowace En'e shi ke gina makarantun elemantare da biyan malamansu daga harajin da aka tara a ƙasar, Sashen Ilimi na gwamnati kuma yana tsara darussa yana aika sufetoci. A mafi yawan waɗannan makarantu da Hausa ake koyarwa, kuma buƙatar littattafan da za a karanta a cikinsu ce ta haifar da Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi a 1933. Ke nan adabin Hausa na boko da kansa ɗa ne ga wani tsarin ilimi da aka gina bisa la'akari da muhallin yaro. Sai dai tsarin yana da nakasu bayyananne: yawan makarantu ya danganta ga ƙarfin baitulmali, ta yadda En'e mai arziki irin ta Kano take iya abin da ƙananan En'e ba sa iyawa.

An haɗa sassan ilimi na Arewa da Kudu a 1929, kuma dokar ilimi ta 1948 ita ce ta farko da ta game ƙasar baki ɗaya. Amma ba a jima ba Tsarin Mulkin Macpherson na 1951 da na Lyttelton na 1954 suka mayar da ilimi hannun yankuna. Nan take kowane yanki ya kama gabansa. Yankin Yamma ya fara ilimin firamare kyauta a Janairun 1955. Yankin Gabas ya bi sahu a 1957, amma ƙarancin kuɗi ya tilasta masa maido da kuɗin makaranta a shekarar da ta biyo baya. Yankin Arewa ya fi mai da hankali ga horar da malamai da Yaƙi da Jahilci. Wannan zamani ya nuna fuskoki biyu na sakin iko: ya ba yankin da ya shirya damar yin gaba ba tare da jiran kowa ba, ya kuma faɗaɗa giɓin da ke tsakanin Kudu da Arewa.

3.2 Tufka da Warwara, 1976 zuwa 1999

Bayan yaƙin basasa, mulkin soja da kuɗin man fetur sun juya akalar zuwa tsakiya. Taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya share fagen Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta zo da tsarin 6-3-3-4. A Satumban 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, bisa kuɗin gwamnatin tarayya. An yi hasashen yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Ajujuwa da malamai suka kasa, aka koma horar da malamai cikin gaggawa.

Tsarin Mulki na 1979 ya mayar da nauyin firamare ga jihohi da ƙananan hukumomi, kuma a farkon shekarun 1980 tarayya ta janye tallafinta kai tsaye, daidai lokacin da farashin mai ya faɗi. Malamai suka riƙa shafe watanni ba albashi, wasu jihohi suka maido da kuɗin makaranta. Don magance haka, Dokar Soja mai lamba 31 ta 1988 ta kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa tare da asusu na musamman, tarayya ta ɗauki kashi 65 cikin ɗari na albashin malamai. A 1991 aka rushe hukumar aka miƙa komai ga ƙananan hukumomi, sai matsalar albashi ta dawo ɗanya. A 1993 Dokar Soja mai lamba 96 ta sake kafa hukumar, aka koma cire albashin malamai daga tushe kafin a raba wa ƙananan hukumomi kasonsu.

Cikin shekara 17 kacal, daga 1976 zuwa 1993, nauyin firamare ya sauya hannu sau biyar. Abin lura shi ne, duk lokacin da aka sauke nauyin a kan mataki na ƙasa ba tare da keɓe masa kuɗi ba, albashin malami ne ke fara tsayawa.

4.0 Tsarin da Ake Ciki a Yau

4.1 Tanadin Doka

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya raba ilimi gida uku. Jerin ikon da tarayya ta keɓanta da shi, a abu na 60(e), ya ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin ma'auni a dukkan matakan ilimi. Jerin ikon haɗaka, a abu na 30, ya ba majalisun jihohi ikon yin doka a kan ilimin firamare da na gaba da firamare da na sana'a. Jadawali na Huɗu kuma ya ce ƙananan hukumomi za su shiga cikin samarwa da kula da ilimin firamare da na manya da na sana'a. Sashe na 18 ya ɗora wa gwamnati samar da ilimin firamare kyauta kuma tilas, amma ya rataya hakan ga lokacin da hali ya yi.

A kan wannan tushe aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta mayar da karatun shekara tara na farko kyauta kuma tilas, ta kafa hukumar UBEC a tarayya, da hukumomin SUBEB a jihohi, da hukumomin ilimi a ƙananan hukumomi. Ta fuskar ma'auni, hukumar NERDC ce ke tsara manhaja, hukumar NCCE ke kula da kwalejojin ilimi, majalisar TRCN ke yi wa malamai rajista, kuma takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Majalisar Ƙasa kan Ilimi, wadda ta haɗa minista da kwamishinonin jihohi, ita ce dandalin amincewa da manufofi.

4.2 Yadda Kuɗi ke Tafiya

Ana raba kuɗin Asusun Tarayya ne bisa kaso 52.68 cikin ɗari ga tarayya, 26.72 ga jihohi, da 20.60 ga ƙananan hukumomi 774. Dokar 2004 ta ware wa ilimin tushe aƙalla kashi 2 cikin ɗari na dunƙulallen asusun kuɗin shigar tarayya. A tsarin rabon da aka daɗe ana aiki da shi, rabin wannan kuɗi tallafi ne na gine-gine da kayan aiki, wanda jiha ba za ta karɓa ba sai ta ajiye daidai da shi daga aljihunta. Sauran rabin yana tafiya ga littattafai, da horar da malamai, da rage giɓin ilimi, da yara masu buƙata ta musamman, da sa ido.

Akwai matsaloli uku a nan. Ta farko, tallafin gine-ginen daidai-wa-daida ake raba shi tsakanin jihohi 36 da Abuja. Jihar Kano, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum miliyan 9.4, tana samun abin da Jihar Bayelsa mai mutum miliyan 1.7 take samu. Idan aka raba kuɗin a kan kowane yaro, daidaiton ya zama rashin adalci. Ta biyu, sharaɗin ajiye kaso yana hukunta yaro ne a kan gazawar gwamnatinsa. Hukumar UBEC ta sha bayyana cewa biliyoyin naira suna jibge ba a karɓa ba saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Ta uku, wadda ta fi girma, tallafin tarayya ba ya biyan albashi, alhali albashi shi ne kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar da firamare. Wannan nauyi yana kan kason ƙananan hukumomi, wanda ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 ya tanada. Ƙari a kan haka, harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, wanda a da firamare ke da rabo a cikinsa, an taƙaita shi ga manyan makarantu da dokar TETFund ta 2011.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake tayar da tsohon mikin. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, wato NUT, ta daɗe tana neman kada a bar albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi, tana tuna abin da ya faru bayan 1991. Yajin aikin da malaman firamare na Babban Birnin Tarayya suka yi na fiye da wata uku a 2025, a kan rashin aiwatar da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ya nuna cewa fargabar tana da tushe.

5.0 Auna Hujjojin Ɓangarori Biyu

Masu goyon bayan ikon tarayya suna kafa hujja da adalci. Yaro ba ya zaɓar garin da za a haife shi, don haka bai kamata ingancin karatunsa ya rataya ga arzikin ƙaramar hukumarsa ba. Ban da jihohi ƙalilan irin su Legas da Ribas, mafi yawan jihohi sun dogara ne da kason wata-wata, kuma jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa makaranta suna cikin masu ƙarancin kuɗin shiga. Tarayya ce kaɗai ke iya ɗebo daga inda ake da shi ta kai inda babu. Hujja ta biyu ita ce zirga-zirga: ɗan ma'aikacin da aka yi wa canji daga Gusau zuwa Kalaba yana buƙatar ya tarar da manhajar da ya bari, kuma dukkansu jarrabawar WAEC ko NECO ɗaya za su zauna. Hujja ta uku ita ce araha, domin tsara manhaja da horar da masana aiki ne da ƙaramar hukuma ba za ta iya ita kaɗai ba.

Ɗaya ɓangaren kuwa yana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'in da ke Abuja ba zai san cewa makarantar ƙauye tana zama kango ranar kasuwa ko lokacin girbi ba, ko cewa iyaye za su fi sakin 'ya'yansu mata idan akwai malamai mata, ko cewa dole lokacin aji ya yi la'akari da makarantar allo ta safe da Islamiyya ta yamma. Makarantun almajirai 157 da gwamnatin tarayya ta gina, waɗanda aka fara ƙaddamarwa a Gagi ta Sakkwato a 2012, misali ne. Da aka miƙa su ga jihohi, da yawa sun lalace ko an sauya musu aiki, domin ba a tsara su tare da waɗanda za su riƙe su ba. Haka kuma sakin iko yana ba da damar gwaji. Jihar Edo ta fara shirinta na EdoBEST a 2018, Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma tilas a 2019, Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 inda fiye da 21,000 daga cikin kimanin 33,000 suka gaza. Ko an yarda da waɗannan matakai ko ba a yarda ba, kuskuren jiha guda yana tsayawa a iyakarta, na tarayya kuwa yana game ƙasa. Cire darasin Tarihi daga manhajar ilimin tushe na kusan shekara goma, kafin a ba da umarnin dawo da shi a 2019, ya isa shaida.

Idan aka lura, hujjojin ɓangaren farko sun fi ƙarfi a kan kuɗi da sakamakon da ake nema, na ɓangare na biyu kuma sun fi ƙarfi a kan hanya da gudanarwa. Tsarin Nijeriya na yanzu ya kusa zama akasin haka: tarayya tana shiga cikin bayanin hanya dalla-dalla, tana barin nauyin albashi ga mataki mafi rauni.

6.0 Harshen Koyarwa a Matsayin Zakaran Gwajin Dafi

Manufar Ilimi ta Ƙasa tun 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallin yaro, kuma bugun 2004 ya ƙayyade shekara uku na farko kafin a koma Ingilishi. Akwai gwaje-gwajen cikin gida da suka ƙarfafa wannan. Shirin shekara shida na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, ya koyar da yara da Yarabanci a duk tsawon firamare, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a darasin Ingilishi. A Arewa ma Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin inganta firamare a shekarun 1970, wanda ya samar da kayan koyarwa da Hausa.

A Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar harshe da ta tsawaita koyarwa da harshen uwa zuwa shekara shida. Bayan shekara uku, a Nuwamban 2025, Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke ta da mayar da Ingilishi harshen koyarwa a dukkan matakai, yana danganta faɗuwa jarrabawa a wasu shiyyoyi da amfani da harshen uwa. Masu suka sun mai da martani cewa manufar ba ta samu littattafai da malaman da za a aiwatar da ita ba, balle a ɗora mata laifin sakamakon ɗaliban da suka wuce firamare tun kafin a yi ta.

Darasin da ya shafi wannan nazari shi ne, hukuncin 2022 da na 2025 duka amsa ɗaya suka ba ƙasa mai harsuna fiye da 500. Yanayin aji a Ɗanbatta, inda kusan kowane yaro da malaminsa Hausa suke ji, kuma harshen yana da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu da ƙamusoshi da sassan nazari a jami'o'i, ya sha bamban da na aji a Fatakwal ko tsakiyar Jos, inda harsuna da yawa kan haɗu. Hatta a Arewa, ɗora Hausa a kan yaron da harshensa Kanuri ne ko Nufanci ko Tibi wani nau'in danniya ne. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, abin da ya cancanci a kira mafi ƙarancin ma'auni shi ne sakamako: yaro ya iya karatu da fahimta a ƙarshen aji uku, ya kuma mallaki Ingilishin da zai shiga sakandare da shi a ƙarshen aji shida. Harshen da za a bi a kai ga haka hanya ce, kuma abu na 30 ya ba jihohi hurumin yin doka a kanta. Jihar Legas ta nuna hakan mai yiwuwa ne da dokarta ta kare harshen Yarabanci ta 2018.

7.0 Darussa daga Wasu Ƙasashe

A Amurka ilimi na jihohi ne da gundumomin makarantu, kuma kaso mai yawa na kuɗin daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, tarayya na bayar da kusan kashi ɗaya cikin goma. Sakamakon shi ne gunduma mai tsadar gidaje tana tara kuɗi cikin sauƙi fiye da matalauciya. A shari'ar Rodriguez ta 1973 Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙi soke wannan tsari, aka koma fafatawa a kotunan jihohi. Dokar 2002 ta tsaurara sharuɗɗan tarayya a kan jarrabawa, ta 2015 kuma ta sassauta su. Faransa tana ɗaya gefen: manhaja ɗaya ce, gwamnatin tsakiya ke biyan malamai, amma gine-ginen firamare suna hannun hukumomin garuruwa. Jamhuriyar Nijar ta gaji wannan tsari, kuma ko da yake ta fara gwajin koyarwa da Hausa tare da Faransanci a Damagaram a 1973, makarantun sun shafe shekaru da dama da sunan gwaji, suna jiran hukuncin tsakiya.

Misalin da ya fi kusa da buƙatar Nijeriya shi ne na Birazil. Tun daga asusun FUNDEF na 1996 da magajinsa FUNDEB na 2007, ana tara wani kaso na harajin jiha da na ƙananan hukumominta a asusu guda, a raba gwargwadon yawan ɗaliban da ke kowace hukuma. Inda kuɗin kowane ɗalibi bai kai mafi ƙarancin adadin ƙasa ba, tarayya ta cike giɓin, kuma an keɓe kaso mafi girma ga albashi. Da yake kuɗi yana bin ɗalibi, shugaban ƙaramar hukuma yana da dalilin neman yaran da ke gida ya sa su makaranta. Daga Yuganda kuma an koyi darajar bayyana gaskiya: bincike ya gano cewa a farkon shekarun 1990 kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai na tallafin ɗalibai ke isa makarantu, amma bayan an fara buga adadin a jaridu da liƙa shi a makarantu, ya haura kashi 80 a 2001.

8.0 Kammalawa

Tarihin Nijeriya ya gwada ɓangarorin biyu. Ikon yankuna ya kawo gasa da giɓi, ikon tarayya ya kawo faɗaɗa cikin gaggawa da dogaro da farashin mai, sauke nauyi a kan ƙananan hukumomi kuma ya kawo bashin albashi. Daga abin da ya gabata, maƙalar tana ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, tarayya ta taƙaita ma'auninta ga sakamako da cancantar malami, ta kuma riƙa auna karatu da lissafin yara a kai a kai tana bayyana sakamakon kowace jiha. Na biyu, a sauya rabon tallafin UBE ya bi yawan yara da girman buƙata, a kuma sassauta sharaɗin ajiye kaso ga jihohi marasa ƙarfi. Na uku, a kare albashin malaman firamare da doka ta hanyar cire shi daga tushe, ko da wane mataki ne ke ɗaukar su aiki. Na huɗu, a bar wa jihohi zaɓin harshen koyarwa da kalandar karatu, a kuma ba kwamitocin gudanar da makarantu na al'umma kuɗin ƙananan gyare-gyare kai tsaye, a liƙa adadin a bangon makaranta.

Ga sassan nazarin Hausa akwai aiki a nan. Idan jihohi suka karɓi hurumin harshe, za su buƙaci littattafan lissafi da kimiyya na firamare da Hausa, da daidaitattun kalmomin fannu, da gwajin karatu da aka gina a kan tsarin gaɓar Hausa, da alƙaluman da za su nuna abin da yaro ya koya. Muhawarar 2025 ta nuna cewa duk manufar da ba ta da irin wannan shaida a bayanta, sanarwa guda ta isa ta kawar da ita.